Amsa ga ƙanwata mai son binciken halayyar jama'a da siyasa a Jos

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na karanta tambayarki. Kin ce kin gama digirin farko a saikoloji, kin yi bautar ƙasa, an ɗauke ki GA, wato matakin farko na aikin koyarwa, a jami'a nan Jos, zuciyarki na kan ɓangaren halayyar jama'a da siyasa amma kowa na ce miki ki koma ɓangaren asibiti ko na ma'aikata don can ne abinci yake, shi ne kike tambaya ta ina za ki fara, kuma ko dole sai kin fita waje kafin ki zama wani abu. To bari in ba ki amsa yadda nake ba ɗalibaina, zai ɗan yi tsawo sai haƙuri.

Kar ki bar fannin nan. Mu ƙalilan ne a cikinsa a Arewa, masu jin Hausa a cikinmu da za su zauna da tsohuwa a Gangare ko ɗan acaɓa a Bukuru su fahimci abin da ya faɗa da wanda ya haɗiye sun fi ƙaranci, mata kuwa ba a magana. Amma son fanni kaɗai ba ya mai da mutum mai bincike. Shekarun farkon nan abu biyu za ki nema, tambaya guda wadda ta dame ki da gaske, da iya auna abu yadda wani ba zai zo ya rusa miki aiki da tambaya ɗaya ba. Sauran duk, furomoshan ne, tallafi ne, fita waje ne, a kan waɗannan biyun suke hawa.

Maganar tambaya ita zan fi daɗewa a kai don nan yaranmu suka fi faɗuwa. Abin da aka saba shi ne a ɗauko taken "tasirin kaza a kan kaza tsakanin ɗaliban jami'a", a sauko da ma'auni, wato jerin tambayoyin auna ra'ayi, da aka yi a Amurka, a buga kwafi ɗari biyu, a ba kilas ref ya raba kafin lakcara ya shigo. Na sha tsayawa a bayan aji ina kallon yadda ake cike irin takardun nan, yarinya ɗaya ta karɓi guda huɗu, nata da na ƙawayenta da suka fita sayen ruwa, tana hira tana zana layi a kan "na yarda" daga sama har ƙasa ko karantawa ba ta yi, mai binciken na tsaye bakin ƙofa yana murna an cike masa duka. Da wannan ake samun mastas, har ma a buga a jonal. Amma ba a gano komai ba, kuma shi kansa mai aikin ya sani.

Alhali kina zaune a garin da tambayoyin fannin nan suke yawo a titi. Tun rikicin Satumbar 2001, sai na Nuwambar 2008 da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, sai na Janairun 2010, garin nan ya rabu unguwa-unguwa, kin fi ni sanin wanda ke iya kama haya a Unguwar Rogo da wanda ke iya kamawa a Unguwar Rukuba. Yanzu akwai samari da 'yanmata da aka haifa bayan 2001, sun yi firamare da sakandare ba su taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, ga su sun kai shekarun zaɓe. Me wannan ya yi wa yadda suke yarda da mutum? Wa suke kira "mu"? In sun haɗu a Taminus ko kasuwar Farin Gada ana ciniki lafiya lau, wannan cinikin yana bin su gida ko a bakin kasuwa yake tsayawa?

A nan ne karatun da kika yi a aji zai yi amfani. Gordon Allport a 1954 ya ce cuɗanya tsakanin ƙungiyoyi tana rage ƙyama in dai an cika sharuɗɗa, wato matsayi ya zama ɗaya, a sami buri guda, a yi aiki tare ba gasa ba, kuma hukuma ko manya su goyi baya. Pettigrew da Tropp a 2006 suka tattara bincike 515 suka ce gaba ɗaya maganar ta tsaya. Kusan duk wani taron zaman lafiya da ake yi a otal-otal ɗin Jos a kan wannan tunanin aka gina shi ko masu shiryawa ba su san sunan Allport ba. To amma da aka zo aka gwada a Kaduna fa? Alexandra Scacco da Shana Warren sun ɗauki samari 849, Musulmi da Kirista, aka yi ƙuri'a, wasu aka sa su ajin koyon kwamfuta na gauraye, wasu ajin 'yan addini ɗaya zalla, wasu ba su shiga ajin ba sam, aka yi mako 16. Sakamakon ya fito a 2018. Abin da samarin ke faɗa game da ɗaya ɓangaren bai canza ba, ƙyamar baki tana nan. Amma da aka ba su kuɗi su raba a wasan gwaji, 'yan ajin gauraye sun fi 'yan ajin zalla adalci ga wanda ba nasu ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da suka bi diddigi sai suka ga ashe 'yan ajin zalla ne wariyarsu ta ƙaru in aka kwatanta da waɗanda ba su shiga ajin ba. Ki tsaya ki yi tunanin wannan da kyau, sannan ki tuna makarantunmu na unguwa da ƙungiyoyin ƙwallon samari da islamiyyu da ƙungiyoyin matasan coci, kowa da nasa. Wallahi wannan kaɗai ya isa mutum ya yi shekara goma yana bincike.

Salma Mousa ma ta yi irinsa a Iraƙi da ƙungiyoyin ƙwallo, ya fito a 2020, Kiristocin da aka haɗa da Musulmi a tim sun sauya game da abokan wasansu amma sauyin bai kai ga Musulmin da ba su sani ba. Elizabeth Paluck kuma a Ruwanda da wasan kwaikwayon rediyo, 2009, ta ga abin da mutane suka yi imani da shi a ransu bai motsa sosai ba, abin da ya motsa shi ne fahimtarsu ta abin da jama'a ke ɗauka daidai ne, kuma hali ya bi wannan. Mu da rediyo ke shiga kowane gida, wannan hanya ce a buɗe. Sai Jana Krause da ta zo nan Jos ta yi tambayar da ta fi burge ni, maimakon me ya sa aka yi faɗa sai ta ce me ya sa Dadin Kowa ba ta ƙone ba alhali unguwa ce ta gauraye, ta duba rawar da dattawa da mata suka taka wajen riƙe samarinsu. Kin ga duk waɗannan daga nesa suka zo suka yi aikin. Da ɗan gari akan ci gari, ke kuwa 'yar gari ce, har gidan da aka rubuta ba shiga za ki shiga ki zauna da matan da kusan duk binciken rikici ya tsallake su.

In ɓangaren zaɓe ya fi jan ki shi ma ga fili. A 2023 masu rajista sun haura miliyan 93 amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kusan kashi 27 cikin 100 ne. Tsoro ne, fid da rai ne, ko mutane sun daina ganin ƙuri'a a matsayin abin da mutumin kirki ke yi? Eifert da Miguel da Posner sun nuna a 2010 da bayanan Afrobarometer, masu binciken jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, cewa in zaɓe mai zafi ya matso mutane sun fi bayyana kansu da ƙabila. Ga kuma maganar ɗan ƙasa da baƙo, takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda a Filato ba sai an yi miki bayani ba. Ki zaɓi ɗaya. Ɗaya fa, ba uku ba.

Sai maganar iya aunawa. Ki sani kin shigo fannin a lokacin da ya sha kunya ya kuma gyara kansa. A 2011 aka kama Diederik Stapel, babban farfesa a Holan, yana ƙirƙirar data a ɗakinsa, daga baya aka janye takardunsa sama da 50. A 2015 gungun masu bincike suka sake gwada bincike 100 da manyan jonal suka buga, kusan 36 cikin 100 ne suka sake ba da sakamako, ɓangarenmu na halayyar jama'a ma ya fi faɗuwa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya tsaya. Yawancinsu ba ƙarya aka yi ba, mutane kaɗan aka gwada, sannan aka yi ta juya lissafi har sai da wani abu ya faɗo ƙasa da 0.05, iyakar da ake ɗauka sakamako ba dace ba ne kawai, aka ce an gano. Wannan juye-juyen har yau ana koya wa ɗalibai shi a matsayin dabara, in sakamako bai fito ba a ce je ka cire wasu, ko ka je wurin mai manhajar lissafi ta SPSS na bakin get ya gyara maka. Kar ki yarda ko sau ɗaya. Kafin ki fita tattara data ki rubuta abin da kike hasashe, mutum nawa za ki tambaya da dalili, da lissafin da za ki yi, ki ajiye a OSF, shafin intanet na ajiye tsarin bincike, kyauta ne, yana sa kwanan wata. In hasashenki bai fito ba ki rubuta bai fito ba, shi ma sakamako ne.

Ki koyi lissafin da hannunki. A manhajojin kwamfuta, G*Power zai gaya miki yawan mutanen da kike buƙata, jamovi ko JASP kyauta ne kuma sun fi sauƙin farawa, daga nan ki lallaɓa ki shiga R ko da awa ɗaya ce kullum bayan isha'i. KoboToolbox a waya ya fi takarda, yana aiki ba netwok. Zotero don adana abin da kika karanta. Kuma tun kafin ki sami ko sisi na tallafi za ki iya fara aiki na gaske, domin Afrobarometer sun daɗe suna tambayar 'yan Najeriya kuma datar a buɗe take, haka World Values Survey, haka ACLED don rikice-rikice. Takardarki ta farko tana iya fitowa daga nan kina zaune a ɗaki.

Ma'aunan da ake saukowa da su kuma ki yi hattara. Arnett ya duba manyan jonal a 2008 ya ga kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka gwada daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya suke. Ma'aunin ra'ayin siyasa da aka gina a kan rigimar 'yan Amurka ta mallakar bindiga da harajin gwamnati ba zai gaya miki komai game da mai sayar da dankali a Farin Gada ba, shi siyasarsa a kan wa zai riƙe ƙaramar hukuma take da wa zai hana a tashe shi daga rumfa. Ko an fassara, wani ya mayar da fassarar Turanci an ga ta yi daidai, bai wadatar ba, sai kin zauna da mutum goma sha kin karanta musu tambaya kin ce me ka fahimta da wannan. A nan za ki ga abin mamaki.

Ga wani abu da ba a cika faɗa a aji ba, wanda ke tambaya yana canza amsa. Adida da abokan aikinta sun nuna haka a 2016 a ƙasashen Afirka 14, mutane na ba ɗan ƙabilarsu amsa daban da wadda suke ba bare. A Jos kuwa sunanki da hijabinki ko rashinsa sun riga sun yi magana kafin ki buɗe baki. Na taɓa zama a tsakar wani gida ana hira da wata mata, tana ba da labarin maƙwabciyarta ta da wadda suka rabu tun 2008, har muryarta ta fara rawa tana cewa ita ce ta karɓi haihuwar ɗanta na fari, sai ƙanin mijinta ya shigo ya jawo kujera ya zauna bakin rijiya yana danna waya, bai ce uffan ba. Daga nan duk tambayar da aka yi mata sai ta ce lafiya lau, ba komai, Allah dai ya kyauta. Don haka a fom ɗinki ki sa wurin rubuta wa ya yi tambayar, da harshen da aka yi ta, da ko akwai wani a wurin. Tambaya mai nauyi kuma irin ta karɓar kuɗin zaɓe akwai dabarar jeri, rabin mutane ki karanta musu abu uku, ɗaya rabin abu huɗu har da mai nauyin, ki ce kar su faɗi wanne, su faɗi guda nawa suka yi kawai, bambancin matsakaicin ɓangarorin biyu shi zai ba ki kiyasi ba tare da kowa ya tona kansa ba. Sai dai tana cin mutane da yawa, ki lissafa tukuna.

Amana kuma ita ce gaba da komai a wannan aikin. Mutanen da za ki tambaya wasu sun binne 'ya'yansu. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki fita, ba bayan kin dawo ba. Ki gaida mai unguwa da liman da fasto, dole ne, amma izininsu ba shi ne yardar matar da ke gabanki ba, ita ma sai ta yarda kuma ta san tana iya cewa a tsaya. Kar ki haɗa suna da amsa a fayil ɗaya, kar ki bar muryoyin mutane a wayar da yara ke wasa da ita, in za ki rubuta kar ki kwatanta gida yadda ɗan unguwa zai gane. Kar ki sa mutum ya tono ranar da aka kashe nasa don kawai babi na huɗu ya yi daɗi, in tambayarki ba ta buƙata ki bar shi. Ke ma kanki kar ki shiga unguwar da ba ki sani ba ke kaɗai, ki sami abokin aiki daga ɗaya ɓangaren, Berom ne ko Anaguta ko Afizere ko wanene, ku yi aikin tare sunanku ya fito tare, kuma makon zaɓe ko ranar da gari ya ɗau zafi a zauna a gida.

Yanzu rayuwar dipatmen. GA shi ne jakin kowa, makin ɗin sikirif, haɗa sakamako, tsaron jarrabawa, rubuta minit, in ba ki yi wasa ba shekara uku za ta wuce mastas bai ƙare ba. Ki yi aikin da aka ba ki da ladabi amma ki ware wa kanki safiya biyu a mako da ba ki ofis, kina laburare. Matakan kin san su, Mataimakin Lakcara, Lakcara II, Lakcara I, Babban Lakcara har sama, kuma ba digiri na uku akwai inda za ki tsaya cak. Ki nemi littafin ƙa'idar ƙarin girma na jami'arku ki karanta da kanki tun yanzu, kowace jami'a da yadda take ƙirga maki. Wajen zaɓen sufabaiza kar girman suna ya ruɗe ki, ki tambayi ɗalibansa a gefe, in an kai masa babi wata nawa yake yi kafin ya dawo, kuma in ya dawo akwai jan biro a ciki ko sa hannu kawai. Wanda zai karanta ya fi wanda ya shahara. Ki sa yajin aiki a lissafinki ma, na 2020 ya ci wata tara, na 2022 wata takwas, wanda ke da data a hannu ya yi rubutu a lokacin, wanda ba shi da ita ya zauna.

Jonal ɗin da ke turo imel suna cewa za su buga miki cikin mako ɗaya in kin biya, ki guje su, suna ƙara lamba a fom amma duk wanda ya san aiki in ya gani a takardunki zai ajiye su gefe. Haka al'adar sa ni in sa ka, mutum biyar kowa ya rubuta ɗaya a jera sunaye. Na san matsin da ke sa a yi, ban raina kowa ba, amma ranar da aka tsayar da ke a taro aka tambaye ki lissafin takardar da ba ki karanta ba za ki gane tsadarta. Ki duba ko jonal ɗin na cikin jerin DOAJ ko Scopus ko AJOL, shafukan da ke tara sunayen jonal, kafin ki tura. Journal of Social and Political Psychology ba ya karɓar kuɗi wurin marubuci kuma kowa na iya karantawa, akwai Peace and Conflict, akwai Journal of Psychology in Africa, akwai Political Psychology na ISPP, ƙungiyar masu saikolojin siyasa ta duniya, wadda aka kafa a 1978. Za a dawo miki da takarda da gyara shafi uku, wani lokaci a ƙi ta gaba ɗaya, ki bar ta kwana biyu ki huce sannan ki bi gyaran ɗaya bayan ɗaya, karatu ne kyauta daga mutanen da ba za ki iya biyansu ba.

Fita waje ba dole ba ne, amma ganin yadda ake aiki a wani wuri yana da amfani ƙwarai, ko na wata shida ne. Ni shawarata ki yi mastas a gida ki fito da takarda ɗaya mai kyau, ita za ta buɗe miki ƙofa fiye da kowace wasiƙar yabo. Daga nan ki duba tallafin karatu na Commonwealth, suna da tsarin da za ki yi rajista a gida ki je Ingila shekara ɗaya, ki duba DAAD na Jamus da Fulbright na Amurka, da tallafin SSRC, majalisar binciken zamantakewa da ke Amurka, na masu digiri na uku a jami'o'in Afirka, da tarukan horo na CODESRIA, majalisar binciken zamantakewa ta Afirka, a Dakar. A gida kuma TETFund na da kuɗin ƙaro karatu da na ƙananan bincike ga ma'aikatan jami'o'in gwamnati, ki je ofishin da ke kula da shi ki ji sharuɗɗan bana da kunnenki don suna sauyawa. In akwai maganar aure ko yara ki zauna da maigida ko iyaye tun wuri a tsara, kar sai takardar tafiya ta fito.

Abuja kuma ga ta nan kusa, akwai NOIPolls masu jin ra'ayin jama'a, da CDD cibiyar dimokuraɗiyya da ci gaba, da Cibiyar Zaman Lafiya da Sasanta Rikici, nan gida ga NIPSS, cibiyar nazarin manufofi ta ƙasa, a Kuru da hukumar gina zaman lafiya ta jihar Filato. Aikin tattara data na ƙungiyoyi zai koya miki fili kuma zai rufa miki asiri ranar da albashi ya makara, sai dai na ga yadda yake haɗiye mutane, wannan wokshof ya ƙare wancan ya taso, shekara shida digiri na uku na babi na biyu. In za ki karɓa ki karɓi wanda ya shafi tambayarki, kuma ki nemi a rubuta a takarda cewa za ki iya amfani da datar a bincikenki.

Abin da nake so ki yi kafin ƙarshen zangon nan, ki nemo takardar Scacco da Warren ki karanta ta sau biyu, na biyun da biro, ki lura da yadda suka zaɓo samarin da yadda suka auna wariya ba tare da sun tambaya kai tsaye ba. Ki sauke datar Afrobarometer ta Najeriya zagaye na baya-bayan nan ki buɗe a jamovi ki duba tambayoyin yarda da mutanen wani addini, ki raba su jiha-jiha ki ga inda Filato ta faɗo, amma ki lura mutanen da aka tambaya a jiha ɗaya ba su da yawa, kar ki gina gini a kai. Sannan ki rubuta shafi biyu kacal, me kike son sani, wa za ki tambaya, me zai nuna miki cewa hasashenki ba daidai ba ne. In kin gama ki turo min in duba, Allah ya yi jagora.